Tocila, Akuya da Tagar Ido: Darasin Haske a Garin Gaya

Ana tsakiyar cin tuwon dare aka ɗauke wuta. A gidan yayata da ke Gaya wannan ba labari ba ne, babu wanda ya ko ɗaga kai. Ni kaɗai, baƙon da ya saba da fitilun titi, na zauna da loma a hannu ina lalube. Ban ga kwanon miya ba, ban ga na kusa da ni ba. Can sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: farar rigar maigidan tukuna, sai bakin randa, sai katanga, daga baya har igiyar shanya.

Na juya wajen 'yar yayata, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, wato CM2, na ce da ita: "Ɗazu ba ma ganin komai, yanzu muna gani, alhali ba a kunna fitila ba. Me ya faru?"

Ta ce, "Ido ne ya saba, Kawu."

Amsar ba ta da aibu, abin da kowane babba zai faɗa ke nan. Da na matsa mata kan yadda ake yi ido ya saba, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko littafinta na makaranta, ta haska shi da tocila. Ga zanen ido nan an tsaga shi biyu, an ja layuka da jan biro, an jera sunaye da Faransanci: pupille, iris, cristallin, rétine, nerf optique. Ta karanto su a ka ba tuntuɓe. Na ce to ina taki pupille ɗin take? Ta ɗora yatsa a kan takarda.

Wannan yatsa da aka ɗora kan takarda shi ya sa ni wannan rubutu. Yarinyar tana yawo da idanu biyu lafiyayyu, ta haddace sunan kowane sashe nasu, amma ba a taɓa ce mata ta dubi na ƙawarta ba.

Abin da tocila ta nuna

Na karɓi tocilar, na kira ƙanenta ya zauna a gabanta. Nan na fara koyon wani abu da littattafan Turai ba sa faɗa. A zanensu zoben ido shuɗi ne ko kore, ɗigon baƙin da ke tsakiya ya fito raɗau. Idon yaranmu kuwa zobensa ruwan ƙasa ne mai duhu, in ka duba daga nesa sai ka ɗauka duk baƙi ɗaya ne. In ka haska shi gaba da gaba, yaron zai runtse, hasken kuma ya dawo maka. Dabarar ita ce yaron ya kalli wani abu can nesa, a kawo tocilar daga gefen kunne, a ɗan karkato ta a hankali. Da muka yi haka, sai zoben ya fito da launinsa da 'yan zare-zarensa, ɗigon tsakiya kuma ya tsuke a take, kamar an ja bakin jakar tsaba.

Yarinyar ta yi ƙara: "Kawu, yana motsi!"

Aka kashe, aka ƙirga goma, aka sake kunnawa. Ya buɗe, ya tsuke. Suka yi ta yi har sai da uwarsu ta ce za su cinye mata batir.

Ɗigon nan ba fenti ba ne, rami ne, taga ce da haske ke bi ya shiga cikin ido. Yana baƙi ne saboda dalilin da ya sa ƙofar ɗaki ke baƙi in ka hango ta daga tsakar gida da rana: hasken da ya shiga ba ya fitowa. Zoben da ke kewaye da shi tsoka ce iri biyu, wata na tsuke tagar, wata na buɗe ta. A idon yaro faɗin tagar na iya sauka zuwa kimanin milimita 2 a rana tsaka, ya kai kusan 8 a cikin duhu. Duk wanda ya yi lissafin faɗin da'ira a makaranta zai ga cewa hasken da ke shiga ta babbar ya ninka na ƙaramar sau 16. Tsukewar ba ta jiran izinin mai ido, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika an gama. Da tsufa tagar kan ƙanƙance, madubin da ke bayanta kuma ya dushe, har hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗan shekara 20. In kaka ta ce a matso mata da fitila za ta zura allura, ba rigima take ji ba.

Sai na sa yaron ya tsayar da tafin hannunsa a kan karan hanci, kamar katanga tsakanin idanu biyu. Na haska na dama, na ce wa yayarsa ta zuba ido a na hagu, wanda haske bai taɓa ba. Shi ma ya tsuke. Wannan ya fi ba ta mamaki, kuma da gaskiyarta, domin a nan ne ake gane cewa ba tagar ce ke yanke shawara ba. Haske ya faɗa bayan ido, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aiko da umarni ga idanun biyu lokaci guda. Shi ya sa in an kawo ɗan kabu-kabu da ya faɗi ya bugu a ka, ma'aikacin asibiti ke buɗe masa ido ya haska. Ba idon yake dubawa ba, ƙwaƙwalwar yake tambaya. In taga ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa, alama ce mai yiwuwa jini na taruwa a cikin kai, kuma ba a kwana da irin wannan a gida.

Akwai wani ɗan abin sha'awa da yaran suka gano da kansu: in ka matso sosai kana ganin ɗan hotonka a cikin baƙin idon ɗan'uwanka. Mutanen da can ma sun gani. Kalmar pupille daga Latin take, asalinta "'yar yarinya", Larabawa kuma suna ce wa wurin insanul aini, mutumin ido.

Garin da ke da rana, ke da duhu

Gaya na ƙarshen kudancin jihar Dosso, a bakin kogin Kwara. Malanbil ta Jamhuriyar Benin na tsallaken ruwa, Kamba ta jihar Kebbi na gabas. Yanki ne da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ƙasar rake da mangwaro da giginya, inda Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Cangawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Wutar lantarkin garin ta layin Kamba take zuwa daga Najeriya, saboda haka lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen nan sun san duhu. A lokacin ne kuma aka rufe gadar da ta haɗa garin da Malanbil, jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale.

Ba ina yabon rashin wuta ba ne, wanda ya kwana cikin zafin watan Afrilu ba fanka ba zai yabe shi ba. Amma ga mai koyar da darasin ido, Gaya na da kayan aiki biyu da makarantar birnin Faris sai ta kashe kuɗi kafin ta samu: rana mai ƙarfi da duhu na gaske. Na ukun, wato idon kansa, kowane ɗalibi ya zo da nasa daga gida. Malamai kan yi kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kukan gaskiya ne in ana maganar sinadarai. Wannan darasin dai tocila ɗaya da kallabi ɗaya sun ishe shi.

Daga ido ake jefawa, ko cikinsa ake zubawa?

Kafin a kai ga taga da zobe, akwai wata tambaya da ya kamata malami ya fara yi wa aji: in kana kallon tulu, wani abu ne ke fita daga idonka ya je wurin tulun, ko daga tulun yake tasowa ya zo idonka? A gidan yayata yara uku cikin huɗu suka ce daga ido yake fita. Hujjarsu kuwa kyanwa: ai ga idonta nan yana haske da dare.

Ban ga laifinsu ba, harshenmu ma haka ya ɗauki abin. Muna jefa ido, muna zuba ido, muna kafa ido, muna sa ido, idonmu na faɗawa kan abu. Duk maganganun nan sun mai da ido mai aikawa. Manyan masanan Girka irin su Yuklid da Batlamiyus a kan haka suka tafi, kuma masu bincike a Amurka sun tarar cewa har cikin ɗaliban jami'a akwai masu wannan tunani da dama. Ba ra'ayi ba ne da ake kawar da shi da jimla ɗaya a allo.

Wanda ya rusa shi da hujja shi ne Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, mai littafin Kitabul Manazir. Hujjojinsa irin waɗanda yaro zai iya maimaitawa ne. In ka kalli abu mai tsananin haske ido na ciwo, in ka kau da kai kuma tabon hasken na biye da kai na ɗan lokaci. Ashe abu ne ya shigo ya yi aiki a ciki. Ya kuma jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu da ke da 'yar huda, sai hasken kowace fitila ya fito a nasa wuri a bangon ciki. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Haske na tafiya a miƙe ke nan, daga abu zuwa inda ya faɗa. A 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar domin haske, an yi bikin cikar wannan aiki nasa shekara dubu. Ina ganin yaron da ke zuwa makarantar allo da asuba ya wuce boko da hantsi ya cancanci a gaya masa wannan suna.

Ita kuwa kyanwa, wata shimfiɗa ce mai ƙyalli a bayan idonta ke mayar da hasken da ya shiga, kamar madubi. Akuya da saniya da kada duk suna da ita, mutum ba shi da ita. A sa kyanwa a ɗakin da ba ko ɗigon haske, idonta ba zai nuna komai ba.

Ɗakin Ibnul Haisam ma ba sai an gina shi ba. Ƙauyuka da dama a Nijar na da azuzuwan zana, kuma duk wanda ya zauna a cikinsu da hantsi ya ga ɗigo-ɗigon haske a ƙasa da kan littattafai. A sa yara su lura: hudojin zana ba su da siffa ɗaya, wata doguwa, wata mai kusurwa, amma ɗigon da ya sauka nesa da hudar kewayayye ne. Haka abin yake a ƙarƙashin dogon yaro. Dalili shi ne kowane ɗigo hoton rana ne. Da kwalin sukari, da 'yar hudar allura a gefe ɗaya da farar leda a ɗaya gefen, yaro zai ga bishiyar makarantarsu a kife, kai ƙasa. Haka hoto ke sauka a bayan idonsa, kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana a 1604, ƙwaƙwalwa ce ke karanta shi daidai.

Kallabi a ido ɗaya

Kashegari da yamma muka yi gwajin da ya fi kowanne burge ni. Na sa yarinyar ta ɗaure idonta na hagu da kallabi, ninki huɗu, ta ci gaba da harkarta a tsakar gida da ido ɗaya. Ƙannenta na ta tsokanarta. Bayan minti 25 muka shiga ɗakin ajiyar hatsi, muka ja ƙofa, muka toshe ƙasanta da buhu. Na ce ta kwance, ta riƙa rufe ido ɗaya tana buɗe ɗaya.

Ta yi shiru, sannan ta ce: "Da wannan ina ganin buhuna da turmi. Da wannan kuwa kamar an cire shi."

A nan ne darasin jiya ya yi amfani. Mun riga mun ga cewa tagogin biyu tare suke buɗewa, tare suke tsukewa. To in girmansu ɗaya, me ya sa ido ɗaya ke gani ɗaya ba ya gani? Dole akwai wani abu bayan taga. Kuma lallai akwai, domin ninki 16 ɗin nan ba ya kai ko'ina: hasken rana ya ninka na cikakken farin wata kusan sau 400,000, amma da ido ɗaya muke karatu da azahar, mu kuma gane hanya a farin wata.

Bayan ido akwai wata siririyar shimfiɗa, retina, mai ɗauke da ƙwayoyin da ke kama haske. Iri biyu ne manya. Akwai masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, waɗanda na ce wa yaran su kira su 'yan rana: su ke rarrabe launi, su ke karanta ƙananan haruffa, amma sai da haske sosai. Akwai masu siffar sanda, wajen miliyan 100, 'yan dare: ba ruwansu da launi, amma ɗan haske kaɗan ya ishe su. A cikin 'yan dare akwai wani sinadari mai launin ja-ja da haske ke kashe wa kaifi. Muddin kana cikin rana a ƙone yake. In ka shiga duhu sai ya fara haɗuwa a hankali, kuma yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya cika. Abin da ake nufi da "ido ya saba" ke nan. Idon da ke cikin kallabi ya riga ya tara nasa, ɗayan kuwa yanzu ya fara.

Tarawa da wuya, zubarwa da sauƙi. Fitilar babbar mota ɗaya a hanyar Dosso ta isa ta ɓata abin da ido ya yi rabin awa yana haɗawa, shi ya sa mai babur ke makancewa na ɗan lokaci bayan sun yi kiciɓis. Sarkawan da ke kwana a kan ruwa sun san haka ba tare da an karantar da su ba: ba ka haska wa abokin aikinka fuska.

Sauran gwaje-gwajen aikin gida ne na dare, ba sa buƙatar malami a wurin. A ba yara guntayen atamfa, ja da shuɗi da kore da rawaya, su fita da su lokacin da wata bai yi ƙarfi ba, su yi ƙoƙarin rarrabewa. Za su tarar launi ya gudu, jan ya riga kowa komawa baƙi, shuɗin kuma ya yi haske-haske. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura da haka a furanni da asuba tun farkon ƙarni na 19. A lokacin sanyi kuma, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama. In ka kafa mata ido sai ta dushe, in ka ɗan kalli gefenta sai 'ya'yan su ƙara fitowa. Tsakiyar retina cike take da 'yan rana zalla, 'yan dare na gefe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Dundumi

Sinadarin nan na 'yan dare daga bitamin A jiki ke ƙera shi. George Wald, wanda ya gano wannan alaƙa, ya samu kyautar Nobel a 1967. Mu kuwa mun daɗe da sanin ƙarshen labarin, har muna da suna: dundumi. Yaro na wasa lafiya lau da rana, da magariba ta yi sai ya nemi gindin bango ya zauna, ko ya riƙa tuntuɓe da kwano, ko ya kasa gano tuwon da ke gabansa. Wasu iyaye kan ce ƙiwa ce, wasu su ce iska. Mata masu ciki ma suna yi. Sau da yawa jiki ne ya rasa abin da zai haɗa wa 'yan dare makaminsu. In rashin ya yi nisa, farin ido kan bushe, wani abu kamar kumfa ya fito a kansa, daga nan gaban idon ya lalace, kuma wannan ba ya dawowa. Ƙyanda da gudawa na saurin ƙarar da ɗan abin da jikin yaro ya tara.

Tun zamanin Misira ta dā ake maganin dundumi da hanta, kuma sun dace, domin a hanta dabba ke ajiye bitamin A. Ƙwai, man shanu, zogale, kabewa, dankali mai jan ciki, duk suna da shi ko abin da jiki ke juyawa ya zama shi. Gaya kuwa ga mangwaro a lokacinsa har ya ruɓe a ƙasa, ga manja na shigowa daga Benin. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabon bitamin A da zagayen rigakafin shan inna, tun 1997. 'Yar ƙwayar nan da ake yanke wa baki a ɗiga wa yaro, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ita ce. Yawancin yaran da ke CM2 yau an ɗiga musu, ba su san ta mece ce ba.

Ga inda darasin ke fita daga aji. Yarinyar da ta tsaya a ɗakin hatsi ta ji yadda ido ɗaya ke zama kamar an cire shi, ta ɗanɗana dundumi na minti biyu. In ta ga ƙanenta na lalube da magariba, ba za ta ce ƙiwa ba ce. Ƙasar nan ta nuna tana iya wa ciwon ido in an dage: ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin ruwa mai gudu. Wancan yaƙi da feshi da ƙwayoyi aka yi shi. Na dundumi rabinsa a tukunya yake, kuma 'yan mata ne ke kusa da tukunyar.

Inda taga ba ta isa ba

Dole malami ya faɗi iyakar abin, kada yara su tafi da tunanin cewa ido na kare kansa daga kowane haske. Ranar 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana da duhunsa ya ratsa Gana da Togo da Benin, ya bi ta Gusau da Katsina, ya shiga Nijar ya wuce Libiya. Duk wanda ya isa hankali a lokacin ya tuna yadda aka fito ana kallon sama, wani da tabarau, wani da baƙar leda, wani da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, wani yana leƙa kwanon ruwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke kariya. Retina ba ta da jijiyar jin zafi, tana ƙonewa mai ita bai sani ba, sai bayan sa'o'i ya ga wani tabo ya tsaya a tsakiyar duk abin da ya kalla. Hanya mai lafiya ita ce a juya wa rana baya a dubi ƙasa: ɗigon hasken nan na ƙarƙashin dogon yaro duk za su koma siffar jinjirin wata. Ranar 2 ga Agustan 2027 akwai wani husufin da duhunsa zai bi ta arewacin Afirka har Makka, mu nan za mu ga an ɗan gutsuri ranar. Ajin da ya yi kwalin sukari ya riga ya shirya.

Wanda ya fi husufi yawa shi ne walda. Kowace unguwa akwai mai ita a bakin hanya, kuma ba abin da yara ke so kamar tsayawa kallon shuɗin tartsatsin. Hasken nan na ɗauke da wani nau'i da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fatar gaban ido, tun kafin a kai ga taga. Ba a ji a lokacin. Sai tsakar dare yaro ya tashi da kuka, ido ya yi ja, kamar an zuba masa yashi. Sau da yawa a ce apolo ne, a ɗiga masa abin da bai kamata ba.

Wani abu kuma da wayar hannu ta kawo. In an ɗauki hoton jariri da filasha, tagar idonsa kan fito ja, wannan hasken ne ya dawo daga bayan ido mai jini, ba komai. In kuwa ido ɗaya ya riƙa fitowa fari a hoto bayan hoto, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba, domin yana iya zama yanar ido, yana kuma iya zama ciwon daji na retina, wanda ake warkewa in an kama shi da wuri.

Da wane baki?

Saura maganar harshe, wadda ba a raba ta da karatun Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. A Gaya, inda a benci ɗaya za ka samu mai Dandanci da mai Zabarmanci da mai Hausa, zancen ba mai sauƙi ba ne, kuma ba ni da niyyar yanke shi a nan. Abin da na gani dai shi ne, a daren tocila ba mu yi gardamar suna ba. Yaran suka ce "ɗan baƙin", na ce "taga", muka ci gaba. Da aka gama na nuna wa yarinyar littafinta na ce wannan ɗan baƙin da ya yi motsi shi ne pupille. Ta ce, "Ashe!" Kalmar da ta yi wata uku tana ɗauke da ita ba komai a ciki, a ranar ta samu abin zubawa.

Jarrabawa da Faransanci za a yi, dole a san sunayen. Jerin ne nake ganin an juya: a fara da gani, a bi da tambaya da bakin da yaro ke mafarki da shi, suna ya zo daga baya. Wurin gyara wannan kuwa shi ne makarantar horar da malamai ta Dosso da takwarorinta, domin malamin da shi kansa ba a taɓa sa shi ya dubi idon abokinsa ba, zane zai yi a allo, kuma ba laifinsa ba ne. Mai ɗalibai saba'in a rumfa ɗaya ma yana iyawa: a zauna biyu-biyu, ɗaya ya rufe idanu da tafin hannu a ƙirga talatin, ya buɗe yana fuskantar ƙofa, ɗayan ya duba. Ko tocilar ba a nema ba.

Ranar da zan koma, ina ɗaure kaya, sai na ji hayaniya a bayan gida. Ƙaramin yaron ne ya riƙe akuya a ƙaho, yayarsa ta durƙusa tana leƙa mata ido. Ta ƙwala mini kira: tagar akuya ba kewayayya ba ce, doguwa ce a kwance, kamar bakin asusu. Ta kyanwa kuma, in ji ta, a tsaye take, sun duba da safe. Na ce haka ne, dabbar da ake farauta tana son ganin faɗin fili hagu da dama, mai farauta daga maɓoya kuma tana son auna nisan abin da za ta cafka. Ta yi ɗan tunani, ta ce to in akuya ta sunkuya cin ciyawa fa, ai tagar za ta miƙe tsaye.

Na san amsar: idon akuya na juyawa a cikin gurbinsa, tagar ta ci gaba da zama daidai da ƙasa. Ban faɗa mata ba. Na ce su saki akuyar, su zuba mata dusa, su kwanta a ƙasa su duba. Mai babur ɗin da zai kai ni tasha na ta danna oda a ƙofar gida, na bar su rub da ciki a gaban akuya, tana ci tana hararar su.